Shingen Da Aka Ɗage Ya Dawo: Shin Gyaran Da Bai Ɗore Ba Gyara Ne?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, na kuma ga ya dace in kawo ta wannan fili namu domin mu haɗu mu duba ta. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya sami iko ya kawar da wata ɓarna, jama'a suka ɗan sarara, amma da ya bar kujera sai ɓarnar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba, to me za mu kira abin da ya yi? Gyara ne, ko wahalar banza? Don kada maganar ta tafi a iska, zan jingina ta da rayuwar aikin wani ɗan jiharmu ta Zamfara wanda ya kai ƙololuwar aikin ɗan sanda a Nijeriya, wato M.D. Abubakar, Sufeto-Janar na 'yan sanda daga 2012 zuwa 2014.

Yadda Ya Hau Kujera

M.D. Abubakar mutumin Gusau ne. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1979 da muƙamin sufeto mai koyon aiki, ya yi ta hawa mataki-mataki har ya zama Kwamishinan 'Yan Sanda a jihohi da dama, ciki har da Filato da Legas. Daga nan ya zama Mataimakin Sufeto-Janar, kuma yana kula da shiyya ta 12 da ke Bauchi ne babban muƙamin ya same shi.

Ba a lokacin kwanciyar hankali ya samu wannan kujera ba. A ranar 16 ga Yuni, 2011, an tayar da bom a hedkwatar 'yan sanda ta ƙasa da ke Abuja. A ranar Kirsimeti ta wannan shekarar an kai hari wani coci a Madalla, aka kashe mutane da yawa. A watan Janairun 2012 aka kama Kabiru Sokoto, wanda ake zargi da shirya harin, amma kafin a ce me, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda a yankin Abaji. Ana cikin wannan abin kunya, a ranar 20 ga Janairu aka kai hare-haren Kano waɗanda suka ci rayuka fiye da 180. Bayan kwana biyar Shugaba Goodluck Jonathan ya sauke Hafiz Ringim ya ɗora M.D. Abubakar, aka yi wa manyan jami'an da ke gaba da shi ritaya. Ya riƙe kujerar har ƙarshen watan Yulin 2014, lokacin da ya cika shekara 35 a bakin aiki, ya miƙa wa Suleiman Abba.

Abin da talaka ya fi tunawa da shi a zamaninsa abu ɗaya ne. Cikin makonninsa na farko ya tara manyan jami'ansa ya faɗa musu a bainar jama'a cewa aikin ɗan sanda ya koma kasuwanci, ofisoshi sun zama wuraren tara kuɗi don amfanin na sama. Sannan ya ba da umarni a ɗage shingayen 'yan sanda daga manyan hanyoyin ƙasar nan. Shingayen sojoji da na rundunonin haɗin gwiwa sun ci gaba da zama a garuruwan da ake fama da hare-hare, irin su Maiduguri da Kano, amma shingen nan na itace da tsohuwar taya da ganga, wanda aka sani da karɓar na goro, ya ragu ƙwarai a hanyoyi da yawa.

Ga matasan da ba su san yadda abin yake ba kafin nan, bari in ɗan yi bayani. Direban motar haya ba ya barin tasha sai ya tanadi canji, domin ya san adadin wuraren da zai miƙa hannu. Naira ashirin, wadda muke kira Murtala, ita ce lasin, ita ce inshora, ita ce takardar lafiyar mota. Kuɗin kuwa ba ya tsayawa a aljihun kurtun da ke tsaye a rana. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2010 inda ta bayyana yadda na ƙasa ke tara wa na sama kaso, shi ma ya miƙa wa na samansa, da yadda wani lokaci gardama a kan Naira ashirin take ƙarewa da harbi. Wannan ce ɓarnar da umarnin ya taɓa.

To amma yau ina ake? Kowa ya san amsar. Shingaye sun dawo. Solomon Arase ya sake ba da irin wannan umarni a 2015, Ibrahim Idris ya sake bayarwa a 2017, kuma maimaita umarnin kansa shaida ne cewa bai zauna ba. Murtala kuwa ta yi ƙanƙanta, an haura sama da ita.

Hujjar Masu Cewa Aikin Banza Ne

Na zauna da abokai da dama a kan wannan magana, kuma masu ganin abin da ya yi bai da wata daraja suna da hujjoji uku waɗanda bai kamata a raina su ba.

Hujja ta farko ita ce, amfanin gyara ɗorewa. Wanda ya share tsakar gida ana iska bai yi shara ba, in ji su. Idan bayan shekara biyu ko uku an koma gidan jiya, to me aka ci?

Hujja ta biyu ta fi zafi, musamman gare mu 'yan Zamfara. Suna cewa me ɗage shinge ya tsinana mana, alhali a zamanin da ɗanmu ke riƙe da 'yan sandan ƙasa baki ɗaya aka kashe mutane 48 a Kizara cikin watan Yunin 2013, aka kuma yi kisan 'Yar Galadima a ƙasar Maru cikin watan Afrilun 2014? A wannan watan ne kuma aka sace ɗaliban Chibok. Wasu ma sukan ƙara da cewa ɗage shingen ne ya buɗe wa miyagu hanya.

Hujja ta uku ta shafi mutumin kansa. Shi ne Kwamishinan 'Yan Sandan Filato lokacin da rikicin Jos ya ɓarke a ranar 7 ga Satumba, 2001, rikicin da aka ƙiyasta ya ci rayuka kusan dubu. Hukumar binciken da Gwamna Joshua Dariye ya kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi ta ɗora masa laifi, har ta ba da shawarar a yi masa ritaya. Ba a aiwatar da shawarar ba, kuma da aka naɗa shi a 2012 mutane da yawa sun tayar da wannan magana. Masu wannan hujja suna cewa mai irin wannan tabo ba shi ne zai koya wa kowa gaskiya ba.

Abin Da Nake Gani

Zan fara da ta ukun, domin ita ce ta fi saurin rufe wa mutum ido. Ban zo in wanke kowa ba. Rahoton hukumar bincike ba hukuncin kotu ba ne, amma kuma ba magana ce ta bakin titi ba, kuma iyalan waɗanda suka rasa rayukansu a Jos, Musulmi da Kirista, suna da haƙƙin tambayar ina masu tsaro suke a ranar. Abin da nake musu shi ne a mayar da rayuwar aikin mutum ta shekara 35 lissafin ɗebewa, a ce wannan ya goge wancan. Ɗage shinge bai dawo da ran kowa a Jos ba, haka nan abin da ya faru a Jos bai mayar da Naira ashirin ɗin da direba ya tsira da ita a 2012 ta zama ƙarya ba. Kowanne yana nan a ma'auninsa. Idan muka ce ba za mu karɓi gyara ba sai daga hannun wanda bai taɓa yin kuskure ba, to mun yanke wa kanmu hukuncin zama cikin ɓarna har abada, domin duk wanda ya yi shekara talatin a cikin gidan da ke yoyo da wuya ya fito rigarsa a bushe. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya taso daga sufeto ya san inda kason ke bi fiye da duk wani mai sharhi.

Hujja ta biyu tana da gaskiya a rabinta. Gaskiya ne tsaro ya taɓarɓare a zamaninsa, kuma shugaba ba ya karɓar yabon abin da ya yi kyau ya ce abin da ya lalace ba nasa ba ne. Wannan nauyi yana wuyansa tare da sauran waɗanda suka riƙe ƙasar a lokacin. Amma cewa ɗage shinge ne ya buɗe hanya, wannan ban yarda ba. Shingen da ake wucewa da Naira ashirin bai taɓa tsare mai kuɗi ba. Mai ɗauke da buhun gero da mai ɗauke da buhun harsashi farashinsu ɗaya, kuma na biyun ya fi saurin biya domin ba ya son a buɗe. Irin wannan shinge yana tace talaka ne kawai. Mu a nan Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi, da muka ga shekarun da hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ta zama abin fargaba, mun fi kowa son ganin mai kaki a kan hanya. Amma wanda muke roƙo shi ne mai buɗe but ɗin mota ya duba, wanda kuɗi ba ya sa ya kawar da kai.

Saura hujja ta farko, wadda ita ce gundarin tambayarmu. A nan ne nake ganin mutane suna kuskuren fahimtar abin da ɓarna ke rayuwa da shi. Ɓarna ba ta daɗewa da ƙarfin masu yin ta kaɗai. Babban abincinta shi ne maganar nan da muke yi wa juna a majalisa: haka ƙasar take, ba mai iya gyarawa. Wannan magana ita ke sa direba ya tanadi canji tun kafin a tambaye shi, ita ke sa fasinja ya yi wa direban da ya tsaya gardama ihu ya ce ba su mu wuce, ita ke sa sabon kurtu ya ɗauka abin da ya tarar wani ɓangare ne na horo. Duk wanda ya dakatar da ɓarna, ko da na shekara ɗaya ne, ya ƙaryata wannan magana a idon miliyoyin mutane. Kafin 2012 muna iya cewa ba zai yiwu ba. Bayan 2012 iyakar abin da za mu iya cewa shi ne ba a so ne. Tsakanin ba zai yiwu ba da ba a so akwai nisa mai yawa, domin na farkon ƙaddara ce da ake haƙuri da ita, na biyun kuwa laifi ne da ake tambayar mai shi. Gani ya kori ji.

Na ga irin wannan a aikina na koyarwa. Na taɓa zama a wata makaranta inda satar amsa ta zama ruwan dare, har aka kawo mana wani shugaba wanda ya ce ba a yi. Shekara biyu ya yi, sakamako ya faɗi a shekarar farko, iyaye suka yi ta ƙorafi, a ta biyu ya fara tashi da guminsa. Da aka yi masa canjin wurin aiki, abin ya dawo sannu a hankali, kuma ina jin kunyar faɗa cewa ina cikin malaman da suka ga yana dawowa suka yi shiru. Amma har yau idan na gamu da ɗaliban waɗancan shekaru biyu, nakan ga suna riƙe da takardarsu da wani irin alfahari wanda sauran ba su da shi. Kuma ni kaina tun daga lokacin na rasa bakin cewa ba a iya hanawa. Wannan shugaba ya tafi, amma ya tafi da uzurina.

Iyakar Umarni

Duk da haka, kada mu wuce gona da iri wajen yabo. Dawowar shingen ta koya mana wani darasi wanda shi ma gaskiya ne: umarni yana iya ɗauke itace daga kan titi, amma ba ya iya ɗauke dalilin da ya ajiye itacen. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairun 2013, a cikin zamanin M.D. Abubakar ɗin, gidan talabijin na Channels ya nuna halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja take ciki, ɗakunan kwana a lalace, abinci abin tausayi, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Yaron da aka horar a cikin wulaƙanci, aka tura shi caji ofis inda babu man mota, babu takardar rubuta ƙara sai mai ƙara ya saya, sannan na sama yana jiran kasonsa, wane irin umarni ne zai tsare hannunsa bayan mai umarnin ya tafi? A wannan shekarar aka ƙaddamar da kundin ɗa'ar aikin ɗan sanda, abu ne mai kyau, sai dai takarda ba ta biyan kuɗin makarantar yara.

Don haka idan za a yi wa mutumin adalci, sai a ce ya yi abin da ke cikin ikon kalmarsa, ya kuma gaza a abin da ke buƙatar fiye da kalma. Shekara biyu da rabi ya samu. Ya nuna ƙofa tana buɗuwa, amma bai sa mata madogari ba. Wani kaso na wannan gazawa nasa ne, wani na gwamnatocin da ke riƙe da kuɗi ne, wani kuma namu ne.

Na ce namu ne, kuma ina da dalili. A cikin 2012 na shiga motar haya daga Ƙaura Namoda zuwa Gusau, muka yi tafiya mai tsawo ba a tsayar da mu ba. Wani dattijo ya ce wa direba, "Malam direba, tunda yanzu ba ka ba da na goro, ai sai ka rage mana kuɗin mota." Direba ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ni da ma an bar su. Da, in na ba da Murtala na wuce. Yanzu in aka kama ni a cikin gari sai an nemi takardu, ni kuwa takarduna sun mutu tun bara." Mota ta kwashe da dariya, har da ni. Sai daga baya na gane abin ba na dariya ba ne. Kuɗin mota bai ragu ba, kuma ga wanda muke ɗauka shi ake zalunta yana kewar shingen, domin shi ma yana sayen wani abu a wurin, wato izinin karya doka da araha. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba banza ba addini ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa a laifi ɗaya.

Wannan ciwo kuwa ya girmi kakin ɗan sanda. Fiye da shekara 200 da suka wuce, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa a cikin Kitabul Farƙ irin abubuwan da masu mulkin zamaninsa ke karɓa daga talakawa ba bisa haƙƙi ba, har da abin da ake kira gaisuwa. An yi jihadi, an kafa daula, amma gaisuwa ba ta mutu ba, ta bi ta zamanin dogarai da 'yan doka na En'e har ta iso shingen kan titi. Shin za mu ce littafin Shehu aikin banza ne don abin da ya hana ya dawo? Ba mai cewa haka. Littafin ya zama ma'aunin da har yau muke ɗagawa mu auna masu mulki. Ban haɗa darajar mutanen biyu ba, nesa ba kusa ba, ina nuna cewa ne ƙa'idar ɗaya ce: abin da aka taɓa tsayarwa daidai, ko ya faɗi, ya bar alamar inda daidai yake.

Akwai kuma abin da ya kamata ya tsorata mu. A shekarun nan mun ga 'yan bindiga suna tare hanya, suna kuma ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. Ban ce shingen Naira ashirin ne ya haifi wannan ba, dalilansa suna da yawa. Amma al'ummar da ta saba da cewa mai bindiga yana da haƙƙin kuɗin wucewa, ta riga ta koyi darasin da ɗan ta'adda ke son ta koya. Shi ya sa maganar shinge ba ƙaramar magana ba ce.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na buɗe da ita ita ce, gyaran da bai ɗore ba gyara ne, sai dai bashi ne da mai shi ya bari a wuyan waɗanda suka gani. M.D. Abubakar ya bar aiki da tabon Jos, da nauyin rayukan da aka rasa a zamaninsa, da kuma shaidar cewa ana iya tafiya a titin Nijeriya ba a miƙa hannu ba. Duka ukun nasa ne, kuma wanda ya ambaci ɗaya ya ɓoye biyu bai yi adalci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ɗaga gefensa na ɗan lokaci, sauran gefunan ba a kama ba.

Gare mu marubuta kuwa, ina da roƙo. A yawancin littattafanmu ɗan sanda ko dai mugu ne mai jan ido da ke zuwa kama saurayin kirki, ko kuwa gwarzo ne da ke bayyana a shafin ƙarshe ya warware komai. Duka biyun suna sa mai karatu ya ji shi ba ruwansa. Mu gwada rubuta shingen yadda yake, da kurtun da ya bar ɗansa ba lafiya a bariki, da maigidansa mai jiran kaso, da direba mai matattun takardu, da fasinja mai gaggawa, da malamin makarantar da ya yi dariya. Mu kuma rubuta wanda ya ce a'a, ko da a ƙarshen labarin an yi masa canjin wurin aiki. Yaran da nake koyarwa yanzu, yawancinsu ba a haife su ba ko suna goye a 2012, ba su san an taɓa ɗage shinge ba. Idan ba mu rubuta musu ba, za su taso suna cewa haka ƙasar take.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, Ya sa mu dace. Wassalam.